Wakili a Duniyar Intanet: Yadda Furoksi Ke Ɓoye Mai Aike da Inda Ɓuyan Ya Tsaya

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayanin wata na'ura wadda ɗimbin jama'a ke bi ta cikinta kullum ba tare da sun san sunanta ba, watau abin da Turawa ke kira furoksi. Ma'anar kalmar a harshensu ita ce wanda ya tsaya a madadin wani, saboda haka a nan za mu riƙa kiranta wakili, kamar yadda ake cewa wakilin ango a wurin ɗaurin aure. Za a duba amfani iri biyu da ake yi da wakili. Na farko shi ne ɓoye kai yayin da mutum ke yawo a shafukan intanet. Na biyu kuwa shi ne aikin manhajojin da ake saki su yi ta ziyartar shafuka su kaɗai, suna kwaso bayanai ba tare da hannun mutum ba. A ido, waɗannan abubuwa biyu ba su da dangantaka, amma mai karatu zai ga cewa kasuwarsu ɗaya ce, kuma sau da yawa mai neman ɓuya shi ne hajar da ake sayar wa mai kwasar bayanai.

Adireshi da abin da yake tonawa

Kafin mu yi nisa, ya kamata a fahimci abin da ake son ɓoyewa. Duk na'urar da ta hau intanet, kwamfuta ce ko waya, sai an ba ta wata lamba da ake kira adireshin IP. Dalili kuwa a fili yake: wanda ya aika wasiƙa yana neman amsa, dole ya rubuta inda za a mayar masa da ita. Tsohon tsarin waɗannan lambobi, wanda aka shimfiɗa a 1981 kuma ake amfani da shi har yau, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, alal misali 192.0.2.15. Jimillar adireshin da wannan tsari zai iya bayarwa ita ce 4,294,967,296. A lokacin an ga kamar ba za su ƙare ba, amma a watan Fabrairu na 2011 babbar ma'ajiyar duniya ta raba na ƙarshe da suka rage a hannunta. Wannan ƙaranci ya sa kamfanonin waya ke haɗa masu layi da yawa a kan adireshi guda, batun da za mu sake komawa kansa a gaba.

Ba a raba adireshi da ka. Akwai hukumomi biyar na yankunan duniya da ke ba kamfanoni rukuni-rukuni, ta Afirka ita ce AFRINIC mai hedkwata a tsibirin Morishus, kuma rajistarsu a buɗe take. Saboda haka mai shafi, da ya ga adireshin baƙonsa, zai iya sanin ƙasar da ya fito da kamfanin da ya ba shi layi, wani lokaci har da kirdadon gari. Sunan mutum dai ba ya cikin lambar. Kamfanin layi ne ya san wanda ya riƙe adireshi kaza a rana kaza da ƙarfe kaza. A Nijeriya, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta ɗora wa irin waɗannan kamfanoni ajiye bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da su har shekara biyu, kuma tun daga Disamba 2020 aka wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ke nan tsakanin adireshi da sunan mai shi, taki ɗaya ne ga wanda ke da ikon tambaya.

Dillaliya da kayan matan gida

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aikin wakili ita ce a tuna da dillaliya. Matar aure tana da zane ko tasa da take son sayarwa, ba ta kuma son unguwa ta san talauci ya taɓa ta. Sai ta ba dillaliya. Dillaliya ta shiga gida-gida, ta sayar, ta kawo kuɗi. Wadda ta saya ba ta san mai kaya ba, fuskar dillaliya kaɗai ta gani. Haka wakili yake. Kwamfuta ce da ke wani wuri, mai adireshin kanta. Maimakon burauzar mutum ta tafi kai tsaye wurin shafin da yake so, sai ta miƙa buƙatar ga wakili, shi ya je ya karɓo, ya kawo. Abin da mai shafi ya rubuta a rajistarsa shi ne adireshin wakili. In wakilin yana Holan, to a wurin mai shafi baƙon daga Holan ya zo.

Sai dai misalin dillaliya yana ɗauke da wani gargaɗi da bai kamata a tsallake shi ba. Asirin mai kaya ya rufu ga mai saye, amma ga dillaliya a buɗe yake, ta san mai kaya, ta san mai saye, ta san kuma nawa aka biya. Kusan duk abin da zai biyo baya a wannan maƙala bayani ne a kan wannan gaɓa guda.

Abin mamaki, ba don ɓuya aka ƙirƙiro wakili ba. A cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba, inda Tim Berners-Lee ya tsara yanar gizo a 1989, an sa wa manhajarsu aikin wakilci wajen 1994 saboda dalilai biyu na yau da kullum. Ɗaya shi ne ma'aikatan da ke cikin katangar tsaro ta ma'aikatarsu su sami ƙofa guda ta fita. Ɗayan kuwa tattali ne: in mutum hamsin a ofis ɗaya suna son shafi ɗaya, wakili ya ɗauko shi sau ɗaya ya ajiye, ya riƙa miƙa wa sauran daga ajiyarsa. Manhajar Squid, wadda ta fito a 1996, da wannan aiki ta yi suna, musamman a jami'o'i da wuraren da layin intanet ke da tsada da nauyi. Har ila yau ɗakunan karatu na jami'o'i da yawa suna amfani da EZproxy, wadda aka yi a 1999, domin ɗalibi yana gida ya karanta mujallun da jami'arsa ta biya wa kuɗi, gama mawallafi yana ganin adireshin jami'a ne. Wannan wakili ba ya ɓoye kowa, shaida ma yake bayarwa cewa ɗalibin ɗan gida ne.

Saboda asalinsa ke nan, wakili na gargajiya mai surutu ne. Yakan ƙara wani layi a saman buƙatar da ya kai, mai cewa an aiko shi ne a madadin mai adireshi kaza. Irin wannan bai ɓoye komai ba. Akwai wanda ke cire adireshin mai aike amma ya bar alamar cewa shi wakili ne, akwai kuma wanda ke share duka biyun ya shiga kamar baƙo na kansa. Masu tallar wakilai sun ba waɗannan matakai sunaye masu daɗin ji, amma mai amfani ba shi da hanyar sanin matakin da nasa yake sai ya gwada.

Me wakili ke gani daga abin da ya ɗauka? Ya danganta da ko saƙon a zaurance yake. Shafin da adireshinsa ya fara da HTTPS yana juya magana tsakaninsa da burauza zuwa wani zaurance na lissafi wanda su biyu kaɗai ke da mabuɗinsa. A nan wakili kamar ɗan aike ne da aka ba ambulan a liƙe: ya san gidan da zai kai, ya san nauyin ambulan da lokacin da aka ba shi, amma bai san abin da ke ciki ba. In kuwa shafin ba shi da wannan zaurance, to wasiƙa ce a buɗe, wakili zai iya karanta kalmar sirri, zai iya ma canja abin da aka rubuto kafin ya miƙa. Akwai kuma ma'aikatun da ke dasa takardar shaidarsu a kwamfutocin ma'aikata domin wakilin ofis ya iya buɗe ambulan ɗin ya sake liƙewa. Wanda ke aiki da kwamfutar ofis ya kwana da sanin wannan.

Abin da aka fi sani a wurinmu da sunan VPN ɗan'uwan wakili ne. Bambancinsu shi ne VPN yana zaurance dukan hanyar da ke tsakanin na'urar mutum da kamfanin, kuma yakan ɗauki zirga-zirgar na'urar baki ɗaya, alhali wakili yawanci manhaja ɗaya ake ɗora masa. Wannan yana rufe idon kamfanin layi da mai gidan intanet. Amma amanar ta tashi ne kawai daga hannu ɗaya ta koma wani, dillaliya tana nan.

Ranar da aka tambayi dillaliya

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa in hukuma ta buga ƙofar wakili. A 1993 wani ɗan ƙasar Finlan, Johan Helsingius, ya buɗe wata hidima mai suna Penet, wadda ke karɓar wasiƙun imel ta cire sunan mai aike ta sa wata lamba a madadinsa. Domin amsa ta iya komawa ga mai ita, dole ya ajiye rajistar da ke haɗa kowace lamba da mutumin gaske. A watan Fabrairu na 1995 'yan sandan Finlan suka zo masa da takardar kotu bisa ƙorafin Cocin Scientology, wanda ke neman wani da ya wallafa takardunsa. Da ya ga ko dai ya ba da suna ɗaya ko a kwashe rajistar duka, sai ya ba da ɗayan. A 1996 ya rufe hidimar da kansa, domin ya ga doka ba ta ba shi ikon kare waɗanda suka amince da shi ba. Shekara goma sha biyar bayan haka, a 2011, kamfanin HideMyAss na Ingila ya miƙa rajistarsa bisa umarnin kotu, aka kama wani da ake zargi da kutse cikin kwamfutocin Sony Pictures. Ba za a ga laifin kamfanin da ya bi umarnin kotu ba. Abin lura kurum shi ne rajistar tana nan ajiye, kuma wanda ya biya kuɗin ɓuya bai taɓa ganin ta ba. A yau kusan kowane kamfani yana rantsuwa ba ya ajiye komai. Wasu sun gayyaci masu bincike daga waje su duba, da yawa kuwa maganar baki ce.

Masana sun daɗe da hango wannan rauni. Tun 1981 David Chaum ya wallafa wata dabara ta bi da saƙo ta hannun 'yan aike da dama, yadda babu ɗayansu da zai san farko da ƙarshe gaba ɗaya. A tsakiyar shekarun 1990 masu bincike uku a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag, suka gina abin da suka kira hanyar albasa, daga nan kuma aka sami manhajar Tor, wadda ta fara aiki a 2002. Sunan albasa ya dace ƙwarai. Burauzar mai aike tana zaɓen 'yan aike uku daga cikin dubban da masu sa kai ke gudanarwa a ƙasashe daban-daban, ta naɗe saƙon cikin ɓawo uku na zaurance. Na farko ya ɓare nasa ɓawon, ya ga sunan na biyu kawai. Shi ya san mai aike, bai san inda za a je ba. Na tsakiya bai san ko ɗaya ba. Na ƙarshe ya san shafin da za a kai wa, bai san daga wa ya fito ba. Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa soja za su saki irin wannan abu ga kowa da kowa? Amsar ita ce ɓuya sai cikin taro. In jami'an gwamnati kaɗai ke bin hanyar, duk wanda aka gani a kanta an san ko wane ne.

Duk da haka albasa ma tana da inda take ƙarewa. Ɗan aike na ƙarshe yana riƙe da saƙon ba ɓawo, in dai shafin da kansa ba mai zaurance ba ne. A 2007 wani ɗan Suwidin mai binciken tsaro, Dan Egerstad, ya kafa irin waɗannan ƙofofin fita guda biyar, ya zauna yana kallon abin da ke wucewa, daga baya ya wallafa kalmomin sirri na akwatunan imel ɗari na ofisoshin jakadanci da na gwamnatoci. A watan Disamba na 2013 kuma wani ɗalibi a Jami'ar Harvard, don gudun jarrabawa, ya aika saƙon ƙarya cewa an dasa bama-bamai a gine-ginen jami'a. Ya bi ta Tor, ya kuma yi amfani da akwatin imel na wucin gadi. Amma da layin jami'a ya hau, kuma ko da yake jami'a ba ta ga abin da ya rubuta ba, rajistarta ta nuna wanda ya shiga Tor a daidai wannan lokaci. Ba a daɗe ba aka iske shi, ya amsa laifinsa. Lissafin zaurancen bai karye ba, taron da ya ɓuya a ciki ne ya yi ƙanƙanta.

Bugu da ƙari, adireshi ɗaya ne kurum daga alamomin da ake gane mutum da su. Burauza tana sanar da kowane shafi irinta, da girman allon na'ura, da harshe, da agogon yankin da take, da ire-iren haruffan da ke cikinta. In an haɗa waɗannan sai su zama kamar zanen yatsa. A 2010 ƙungiyar EFF ta Amurka ta gwada burauza 470,161, ta sami kashi 83.6 cikin ɗari ba su da mai kama da su a cikin duk taron. Wanda adireshinsa ke cewa yana Jamus alhali agogonsa na Legas ne ya riga ya ba da rabin labari. Wanda kuwa ya kunna wakili sannan ya shiga Facebook da sunansa, tamkar wanda ya rufe fuska da rawani ne ya shiga kasuwa maroƙi na biye da shi yana kirarin gidansu.

Tsallake katanga

Yawancin masu kunna wakili a ƙasashenmu ba ɓuya ce ta dame su ba, ƙofa aka rufe suke neman wata. Ranar 5 ga Yuni 2021 dakatarwar da gwamnatin Nijeriya ta yi wa Twitter ta fara aiki, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, ba a kuma ɗage ta ba sai 13 ga Janairu 2022. Kamfanonin layi sun toshe hanyar zuwa Twitter, amma ba su toshe hanyar zuwa kowace kwamfuta ta ƙasar waje ba, don haka jama'a suka yi ta saukar da VPN. Ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ba da umarnin gurfanar da masu karya dakatarwar, a watan Yuli na 2022 kuma kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa doka. A Chadi an toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 har Yuli 2019. Ganin irin wannan ne ya sa WhatsApp a Janairu 2023 ya buɗe gurbin da mutum zai rubuta adireshin wakili a cikin manhajar kanta. Amma wakili yana amfani ne in akwai hanyar isa gare shi. Sa'ad da aka kashe layukan waya gaba ɗaya a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga, babu VPN da ya yi wa kowa rana.

Manhajojin da ke yawo su kaɗai

Yanzu sai mu juya ga amfani na biyu. Wani babban kaso na baƙin da ke ziyartar shafukan intanet ba mutane ba ne, manhajoji ne da ake kira bot. Injin bincike irin Google da su yake rayuwa: bot ya buɗe shafi, ya kwafe shi, ya bi duk mahaɗin da ke ciki zuwa wani, haka dare da rana. Akwai masu kwatanta farashin tikitin jirgi da ɗakin otel, da masu duba ko tallar da aka biya ta fito a ƙasar da aka ce, da masu tara rubutu don koyar da na'urorin harshe. Manhajoji irin Selenium ta 2004 da Puppeteer ta 2017 da Playwright ta 2020 suna tuƙa burauza ta gaske, su danna maɓalli su cika fom kamar mutum. Da farko don masu gina shafi su gwada aikinsu aka fi amfani da su, amma wuƙar da aka yanka rago da ita ba ta ƙin wani aiki.

Tun 1994 Martijn Koster ya kawo wata yarjejeniya ta ladabi, ƙaramin fayil mai suna robots.txt da mai shafi ke ajiyewa a ƙofa, yana faɗin ɗakin da bot zai shiga da wanda ba zai shiga ba. Sai a 2022 aka rubuta ta a matsayin ƙa'ida ta hukuma. Amma sallama ce kawai, ba ƙyaure ba ce. Wanda ya ƙi bin ta, abin da mai shafi ke yi shi ne ya ƙirga buƙatun da ke zuwa daga kowane adireshi. Mutum ba ya buɗe shafi dubu a minti ɗaya, saboda haka in an ga haka sai a mayar da amsa mai lamba 429, watau buƙatu sun yi yawa, ko a toshe adireshin, ko a kawo masa gwajin nan na gane hotuna da haruffa da aka sa wa suna CAPTCHA a Jami'ar Carnegie Mellon. A nan ne wakili ya shigo. Mai bot sai ya yi hayar wakilai dubu, ya riƙa juya su, kowane ya kai buƙata kaɗan, yadda mai shafi zai ga kamar taron baƙi ne daban-daban.

Kotunan Amurka sun daɗe suna fama da wannan. A ƙarshen 1999 kamfanin Bidder's Edge yana aika wa shafin gwanjo na eBay buƙata kusan 100,000 a rana. eBay ya toshe adireshi 169, shi kuwa ya ci gaba ta hanyar wakilai. A watan Mayu na 2000 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta hana shi, bisa hujjar cewa yana amfani da dukiyar wani ba da izini ba. A 2013, a shari'ar Craigslist da 3Taps, alƙali ya ga cewa wanda aka aika wa takardar hani aka kuma toshe adireshinsa, in ya dawo ta wakili, za a iya tuhumarsa ƙarƙashin dokar kutse. A shari'ar hiQ da LinkedIn kuwa kotun ɗaukaka ƙara ta karkata a 2019, ta kuma maimaita a 2022, ga cewa kwasar abin da aka baje wa kowa a fili ba kutse ba ne. Amma a ƙarshen shekarar wata kotu ta sami hiQ da saɓa yarjejeniyar amfani da shafin, aka ƙare da sulhun da bai yi masa daɗi ba. Waɗannan hukunce-hukuncen Amurka ne, ba su ɗaure wata ƙasa ba. A ganina dai, ɗalibin harshe da ke son tara rubutun jaridun Hausa don nazarin kalmomi ba ya bukatar shiga wannan rigima. In ya duba fayil ɗin ƙofa, ya sa bot ɗinsa ya faɗi sunansa, ya bar daƙiƙa kaɗan tsakanin buƙata da buƙata, ya kuma rubuta wa edita ya nemi izini, da wuya ya bukaci wakili ko ɗaya. Ranar da ya ga sai ya ɓad da kama kafin ya shiga, to mai gida ya riga ya ce a'a.

Daga ina adireshin gida ke fitowa?

Wakilan da ke zaune a manyan rumbunan kwamfuta na haya suna da arha da sauri, amma gane su ba wuya, tun da rajista ta nuna rukunin adireshinsu na kamfanin haya ne, kuma ba wanda ke kwana a rumbu yana sayen takalmi. Abin da masu bot ke biyan kuɗi mai yawa a kansa shi ne adireshin gida da na wayar hannu, domin mai shafi yana jin tsoron toshe su kada ya kori masu saye na gaskiya. Na waya ya fi tsada, saboda dalilin da muka ambata a baya, watau mutane da yawa ne ke kan adireshi guda. Kamfanonin wannan sana'a suna tallar cewa suna da miliyoyin irin waɗannan. Tambayar da ta kamata ita ce, gidajen su wa?

An sami amsa ɗaya a 2015. Hola, wani kamfanin Isra'ila mai ba da VPN kyauta, ya bayyana cewa na'urorin masu amfani da shi kyauta su ne ƙofofin fitar wasu, kuma wani reshensa mai suna Luminati yana sayar da wannan hanya ga 'yan kasuwa. Maganar ta fito fili ne bayan an kai wa wani shafi hari ta cikin hanyar. Kamfanin ya ce bai ɓoye tsarin ba, sai dai mutum nawa ne ke karanta sharuɗɗa kafin ya danna amincewa? Luminati ya koma Bright Data a 2021. Akwai kuma manhajojin da ke biyan mutum 'yan kuɗi ya ba da aron layinsa, da ƙananan manhajojin waya da masu su ke karɓar kuɗi su cusa wannan aiki a ciki.

Amsa ta biyu ta fi muni. A watan Mayu na 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sanar da rushe wata hanya mai suna 911 S5, bayan an kama wanda ake zargi da mallakarta, YunHe Wang, a Singafo. Bisa bayanin ma'aikatar, hanyar ta shafi adireshi fiye da miliyan 19 a ƙasashe kusan 200, kuma ta hanyar VPN na kyauta irin MaskVPN da DewVPN aka shiga kwamfutocin mutane. Masu laifi sun yi hayar waɗannan adireshi, daga cikin abin da aka danganta da su har da buƙatun ƙarya na tallafin rashin aiki na lokacin annobar korona, waɗanda asararsu ta haura dala biliyan 5.9. Mutumin da ya saukar da manhajar don ya ɓuya, adireshin gidansa ne ya fito a rajistar banki da ta gwamnati a matsayin wanda ya yi zambar.

Ko wanda bai saukar da komai ba yana iya ɗanɗana kuɗarsa. In bot ya ɓata sunan wani adireshin kamfanin waya, duk masu layin da ke kansa sai su riƙa cin karo da gwajin hotuna ko rufaffiyar ƙofa. Wikipedia tana hana gyara daga buɗaɗɗun wakilai saboda masu ɓarna, kuma wannan toshewa ta sha faɗawa kan masu gyara na gaskiya a Afirka ta Yamma, waɗanda laifinsu kawai shi ne sun yi tarayya a adireshi da wata wayar da aka mayar wakili. Sai sun rubuta sun nemi a keɓe asusunsu daga toshewar kafin su ci gaba da aiki. Bayan rushe 911 S5, hukumar FBI ta wallafa sunayen manhajoji shida da ke ɗauke da ƙofar bayan, tare da bayanin yadda mai kwamfutar Windows zai duba jerin ayyukan da ke gudana a cikinta ya cire su, domin goge alamar manhajar daga allo kaɗai ba ya tsayar da aikinta.